Lahadi Uku da Suka Rage wa Yaya

Na ga saƙonninku, ku masu ce min in yi haƙuri, in bi iyaye, komai zai wuce. Yau ba haƙuri na zo nema ba. Ku bari in gaya muku abin da na aikata ranar Lahadi, sannan ku faɗa min wanne ne zai wuce.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. A majami'armu akwai benci ɗaya can baya, jikin ƙofa, ba shi da majingina. Duk wanda dattawa suka sa a horo, nan yake zama. Ba ya waƙa cikin mawaƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji. Tiren gurasa da ƙananan kofuna yana isa layin da ke gabansa sai ya juya. Yayata ta yi ciki ba aure, aka yanke mata wata shida. Babanmu ne sakataren dattawa, don haka shi ya tsaya cikin kwat ɗinsa ruwan toka ya karanta hukuncin 'yarsa a lasifika, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Mai cikin ya musanta, har gobe shi ke kaɗa mana ganga a gaba. Yaya ta yi wata biyar da mako ɗaya a bencin nan, ƙafafunta a kumbure, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Saura Lahadi uku a maido ta naƙuda ta zo da gardama, jini ya ɓalle. Jaririyar ta rayu. Yaya ba ta rayu ba.

Lahadin da ta biyo bayan jana'iza Mama ta wuce kujerarta ta layi na uku, inda ta shekara ashirin tana zama, ta je ta zauna a bencin. Ta ce za ta ƙarasa wa 'yarta ukun da suka rage. Muka ƙyale ta, muna ganin raɗaɗin rashi ne. Da ukun suka cika ta saka farin ɗankwali ta je wurin Fasto ta ce to ga shi an kammala, a karanta sunan a ce an maido ta. Fasto ya buɗe kundin dokoki ya nuna mata cewa wanda za a maido sai ya tsaya da ƙafarsa ya ce ya tuba da bakinsa, kundin bai tanadi komai ba game da mamaci. Mama ta ce to, ta gode. Lahadi ta gaba ta koma bencin.

Wata goma sha huɗu ke nan. Ba ta ƙara taɓa gurasar Jibi ba. Sau ɗaya take cin abinci a yini, wai ba ta san ko ana ba Yaya ruwa a inda take ba. Zoben aurenta ya daina zama a yatsa, ta ɗaure shi da zare ta rataya a wuya. Zanin da da ƙyar yake zagaye ta, yanzu sai ta ninka bakinsa sau biyu. Kuma mutum ɗari uku suna wuce ta kowane mako suna cewa sannu Mama, Allah ya ƙara ƙarfi, su je su zauna su yi tafi. Wannan sannun ce ta fi ci min rai. Mace tana narkewa a bakin ƙofarku kamar kyandir, ku kuna gardamar launin labulen bagade.

Sai shi. A gari Kowa-da-Kowa suke ce masa, don tsokana. Ni Mai Gam nake ce masa, saboda yatsunsa kullum a manne suke. Ya yi shekara uku a makarantar tauhidi, saura kaɗan ya gama aka sallame shi kan abin da ya rubuta a takardarsa ta ƙarshe. Yanzu yana da ɗan shago inda yake ɗinke tsofaffin littattafan da bangonsu ya ɓalle. Littafin waƙoƙin Yaya na kai masa gyara, ya ga ina kuka a kan kanta, ya tambaye ni, na faɗa masa. Bai ce min sai haƙuri ba. Cewa ya yi, a ganinsa zunubi ciwo ne, ba a kuma warkar da ciwo da benci. Ya ce gicciye ba don a huce wa Allah fushi aka kafa shi ba, Allah ne ya biyo mu har cikin kabari don kada ya rasa kowa. Ya ce idan akwai wuta, to irin ta maƙeri ce, mai ƙona tsatsa ta bar ƙarfe, kuma daga ƙarshe ba ran da zai ɓace, ko ɗaya.

Ni malamar kimiyya ce, ba a saye ni da daɗin baki. Wata biyu na yi ina kai masa ayoyi kamar mai kai ƙara, yana buɗe min wasu. Ban san ranar da na daina gardama na fara jiran saƙonsa ba. Ya turo 'yan'uwansa gidanmu neman aurena, Baba ya karɓe su a tsaye. Ni kuwa na shiga zauren matasa na waya na rubuta duk abin da ke cikina, na ce bencin nan ba na Almasihu ba ne, namu ne, mu muka sassaƙa shi. Kafin wata ya ƙare matasa goma sha biyu sun fara zuwa shagon Mai Gam ranar Asabar suna zama kan kwalaye.

Na ɗauka magani na samo wa Mama. Ranar Talatar da ta wuce na same ta a kicin tana dama wa 'yar Yaya madara, na ja kujera na zauna na zuba mata komai, yadda nake yi wa ɗalibai. Ta saurara har na gama, tana juya cokali. Sannan ta ce, “Auta, kowa da kowa kika ce?”

Na ce kowa.

“Har mai gangar?”

Na ce shi ma, bayan wutar ta gama da tsatsarsa.

Ta ajiye cokalin. “To wata biyar da 'yata ta yi a bencin nan da ciki, na mene ne? Ubanki da ya karanta sunanta, ya dawo gida ya kulle kansa a banɗaki yana amai, na mene ne? Idan ba komai a bayan ƙofar mutuwa, ashe mu muka kashe ta da kunya a banza.” Ta ɗauki kofin ta gwada zafinsa a bayan hannu. “Ki bar min bencina. Shi kaɗai ne abin da zan iya yi mata.”

Kun ga inda iliminmu yake ƙarewa? Na zo da ayoyi bakwai a takarda, uwata ta rushe su da cokalin shayi.

Washegari ta faɗi a wurin shanya. Likita ya ce jininta ya hau, cikinta ya yi gyambo, jikinta ba abin da ya rage masa da zai ƙona. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce idan aka ci gaba da wannan azumin, kada mu tsaya neman asibitin da ya fi nasa, ba inda za a yi mata dabara. Ta karɓi magungunan ta gode masa. Da muka dawo na kai mata shinkafa ta ce rana ba ta faɗi ba tukuna.

Ranar Alhamis Fasto ya kira ni ofis. Fanka na juyawa a hankali, kalandar bara har yanzu a bango, Baba na zaune a gefe ya ɗora hularsa a gwiwa, bai dube ni ba. Fasto ba mugu ba ne, kada ku zage shi a ƙasan rubutun nan. Mutum ne da ya gaji, yana tsoron ikilisiya ta tsage a hannunsa. Ya ce dattawa sun zauna, sun ga halin da Mama take ciki, sun yarda su yi abin da ba a taɓa yi ba: ranar Lahadi, kafin Jibi, za a karanta sunan Yaya a ce ikilisiya ta karɓe ta. Amma dattawa biyu sun kafe cewa ba za a sassauta doka ba alhali 'yar gidan tana koya wa matasa cewa dokar banza ce. Sai ya turo min takarda. Sakin layi uku. In tsaya a gaba in ce koyarwar nan ɓata ce, na tuba da yaɗa ta, kuma na yanke hulɗa da mai ita.

Na ce, wato cinikin gawar yayata ake yi da ni.

Baba ya ce, “Auta.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na juya in ba shi amsa, sai na ga babban yatsansa yana murza bakin hular har zaren ya fara fita.

Na ce idan za a iya karanta sunan ranar Lahadi, ai da an iya wata goma sha huɗu da suka wuce. Fasto ya ce gaskiya ne. Ya ce shi ma yakan yi wannan tunanin. Sannan ya ƙara turo takardar kusa da ni.

Ranar Asabar da hantsi na je shagon. Warin gam da tsohuwar takarda, littattafai jere ƙarƙashin ƙarfen matsi, shi kuma yana huda gefen wani da basilla, zare a baki. Na ajiye masa takardar a kan aikinsa. Ya karanta sau biyu, har ya gyara musu wani harafi da fensir, don shi ba ya iya ganin kuskure ya ƙyale. Na tsaya ina jira ya fusata. Wallahi so nake ya yaga ta, ya ce ba zai yarda ba, ya ce in zo mu je a ɗaura mana aure ko a ofishin rajista ne.

Ya cire zaren daga baki ya ce, “Ki karanta, Malama.”

Na ce me ya ce?

“Nauyin Mama nawa yanzu?”

Na ce ba wannan na tambaye shi ba.

“Ki karanta. Allah ba zai rasa ki saboda sakin layi uku ba. Kuma ai ba a bakinki gaskiyar take zaune ba, da za ta mutu in kin ƙaryata ta.”

Na ce, to mu fa? Layi na uku na takardar fa, mai cewa in rabu da shi? Ya sunkuyar da kai yana ɓare busasshen gam daga yatsa, ya ce wannan shi ne mai tsadar, kuma shi zai ɗauka tare da ni.

A nan na fashe. Na ce masa abin da ke damuna da koyarwarsa ke nan, komai a wurinsa da sauƙi, tunda ƙarshen kowa alheri ne ba abin da ya isa a yi faɗa a kansa, har ni. Na ce Fasto ya fi shi, shi aƙalla yana tsoron rasa wani abu. Na ce mutumin da bai yarda akwai asara ba bai san so ba. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta a nan ba. Ya ɗauki basillar ya koma kan aikinsa. Da na kai ƙofa na waiga, na ga ya soki yatsansa da basillar, jini na ɗiga kan shafin littafin wani, shi bai ma lura ba.

Kafin in isa gida saƙonsa ya shigo: “Na san akwai asara. Ina kallonta tana fita daga shagona.” Na karanta a cikin mota na kifa wayar a cinya. Wani ya biyo: “Ki sa ta ci wani abu kafin sujada, ko shayi ne.” Ban amsa ko ɗaya ba.

Lahadi da safe Baba ya goge takalmansa sau biyu. Na saka doguwar rigar nan shuɗiya mai dogon hannu wadda Yaya ta ɗinka min, na ɗaura ɗankwali har ya rufe kunnuwana, ba ɗan kunne, ba jan baki, yadda masu tuba suke yi. Baba ya gaya wa Mama cewa yau za a karanta sunan. Bai gaya mata da me aka saya ba. Ta fito da farin ɗankwalin nan daga ƙasan akwati, har yanzu da alamar ninki, ta goya 'yar Yaya, ta ma yarda ta kurɓi shayi rabin kofi. A hanya tana ta gyara min wuyan riga. Rabon da ta taɓa ni haka har na manta.

Majami'a ta cika, don labari ya riga mu isa. Matasan nan goma sha biyu suna layi ɗaya a hagu, sun zuba min ido. Mai ganga yana wurinsa da sabuwar riga. Bayan wa'azi Fasto ya kira ni. Na hau matakala uku, na karɓi makirfo, yana da ɗumi daga hannunsa. Na buɗe takardar, gyaran fensirin Mai Gam yana nan a layi na biyu.

Na karanta. Duka. Na ce ɓata ce. Na ce na tuba. Na ce na yanke hulɗa. Muryata ta fita sarai kamar ina kiran sunayen ɗalibai, ashe abin a jininmu yake, ni da Baba. Wata yarinya cikin sha biyun, wadda ni na fara kai ta shagon, ta tashi ta fita. Wasu tsofaffi suka ce amin.

Sai Fasto ya buɗe kundin ya kira cikakken sunan Yaya. Ya ce ikilisiya ta ɗauke horon da ke kanta, ta karɓe ta cikin zumunci, kuma tana roƙon mahaifiyarta ta dawo kujerarta. Mata suka fara kuka. Matar da ke zama kusa da Mama a layi na uku ta janye jakarta ta share wurin da hannu. Kowa ya juya baya.

Mama ba ta tashi ba.

Na sauko na bi tsakiyar majami'a har ƙofa, takalmina na ƙara a siminti. Na durƙusa a gabanta na ce, Mama, an karanta, kin ji ai, tashi mu je. Fuskarta jiƙe take, amma idonta a kaina yake, ba a kan bagade ba. Ta kama wuyan hannuna, yatsunta kamar itace.

“Na ji na yayarki. Na gode wa Allah.” Ta rage murya. “Abin da kika karanta, kin yarda da shi?”

Da na ce e, da an gama. Kalma ɗaya. Na riga na yi ƙarya a gaban mutum ɗari uku, me zai hana in ƙara ta ɗari uku da ɗaya? Amma ku da kuke da uwa kun san irin kallon nan. Na kawar da idona.

Ta gyaɗa kai. “Ranar Talata kika zauna a kicin ɗina idonki na ƙyalli. Na haife ki, Auta. Kin tsaya gaban teburin Ubangiji kin yi rantsuwar ƙarya saboda ni.” Ta gyara goyonta, ta ƙara zama sosai a bencin. “Yayarki, dattawa sun san laifinta, sun yanke mata wata shida. Naki ba wanda ya sani sai ni, ba kuma wanda zai yanke masa iyaka. Je ki zauna a gaba. Ni zan zauna miki.”

Na ce Mama don Allah. Na ce likita fa. Na ce ni ba na so, ban roƙe ki ba, ki bar ni da Allahna. Ta ce ai ba a roƙon uwa. Na sa goshina a gwiwarta, ƙashi ne kawai ƙarƙashin zanin. Na sayar da mutumin da nake so, na sayar da abin da na gaskata, na kunyata yara goma sha biyu, abin da na samo shi ne na ba uwata sabon dalilin mutuwa, wanda ma ba shi da ranar ƙarewa.

Ban koma gaba ba. Na tashi na zauna kusa da ita a bencin. Yana da tauri fiye da yadda nake zato, kuma daga nan ba abin da kake gani sai ƙeyar mutane. Wata biyar Yaya tana kallon ƙeyarmu.

Fasto ya rasa yadda zai yi, sai ya ci gaba. Aka yi addu'a kan gurasa da ƙoƙo, dattawa suka ɗauki tire suka rarrabu. Ɓangarenmu na Baba ne, kamar kullum. Ina kallonsa yana tahowa layi bayan layi cikin kwat ɗin nan ruwan toka, yana miƙawa, yana jira, yana karɓa. Ya iso layin da ke gabanmu, inda tire yake juyawa tun kafin a haife ni. Mutumin ƙarshe ya ɗauka ya mayar masa.

Baba bai juya ba. Ya tsaya da tiren a hannu. Ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ya yi gyaran murya daga can gaba. Mai ganga ya tsayar da hannunsa. Baba ya ɗaga ƙafa ya taka tazarar nan da ba dattijon da ya taɓa takawa, ya zo gabanmu, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan siminti, sabon gugan wandonsa da komai, ya miƙa tiren tsakanina da Mama.

Da muryar da ni kaɗai da ita muka ji ya ce, “Ni na karanta takardar farko. Da ni aka miƙa wa yarinyar nan ta biyu. Idan zama za a yi, nawa ne. Ki ci, don Allah, ki ci.”

'Yar Yaya ta leƙo ta kafaɗar Mama ta miƙa hannu tana son gurasar. Wayata ta yi motsi a cikin jaka, na san ko wane ne, ban taɓa ta ba. Ni dai hannun Mama nake kallo, yana kan cinyarta, a dunƙule, kuma hannun Baba ya fara gajiya da tiren.